Ƙura, Ruwa da Allura: Tarihin Faifan Garmaho a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi an yi zamanin da in mutum yana son jin muryar mawaƙin da ba ya kusa, hanya biyu ce kawai gare shi: rediyo ko faifai. Rediyo ita ke zaɓar abin da za ta sa da lokacin da za ta sa shi. Faifai kuwa na mai shi ne, in ya ga dama ya saurari waƙa ɗaya sau goma a dare guda. Saboda haka ne mutane suka riƙa zuba kuɗin gyaɗa da na albashi a kan wani baƙin abu wanda faɗuwa ɗaya ke iya fasawa, rana ta lanƙwasa shi, ƙura kuma ta riƙa cin sa a hankali. Cikin waɗannan ukun ƙura ce ta fi naci, kuma makamin da ya fi kusa da hannun kowa wajen yaƙar ta shi ne ruwa.

Asalin abin daga Amurka yake. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama magana ta maido da ita, amma a jikin wani ɗan bututu take rubutawa. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da faifai mai faɗi wanda za a iya buga dubbansa daga uwa guda. Fayafayan farko da suka yaɗu a duniya da shalak ake yin su, wani irin ƙaro ne da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Ana cuɗa shi da garin dutse mai laushi, a matse shi da zafi. Faifan yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe.

Hausa ta shiga faifan kasuwa tun da wuri. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama da suka haɗa da Yarabanci da Fanti da Tuwi da Hausa, don a sayar a gida. Daga baya kamfanoni irin su Odeon da Parlophone da HMV da Decca suka riƙa kawo na'urorinsu Legas da Ankara. A lokacin, ɗaukar murya kawai ake yi a nan. Buga faifan sai a Turai, na HMV a masana'antar Hayes kusa da Landan, sannan a loda shi a jirgin ruwa ya dawo ta hannun manyan kantuna irin su UAC. Sai a shekarun 1960 aka fara buga faifai a Legas.

Daga bakin teku zuwa tsakiyar ƙasar Katsina tafiya ce mai nisa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wani reshen kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma dogo bai shigo birnin Katsina ba. Duk hajar kanti da za ta zo Kurfi, garin Maraɗin Katsina, ko Dutsin-Ma, garin 'Yandakan Katsina, sai ta sauka a Kano ko Funtuwa ta hau babbar mota, ta sha gargada kafin ta iso. Abin da ke fashewa da faɗuwa ɗaya, in ya iso lafiya ya zama abin riritawa. Masu iya sayen garmaho su ne masu kuɗi a hannu: dillalan gyaɗa da auduga, ma'aikatan En'e, malaman makaranta, direbobi, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945.

Garmaho ba ya bukatar lantarki ko batir, shi ya sa ya dace da garin da fitilar ƙwai da aci-balbal ke haskawa. Akwati ne mai murfi. A gefensa akwai hannu da ake zurawa a yi ta wanawa har sifirin da ke ciki ya ɗaure tamau. Mai shi zai zaro faifai daga rigarsa ta takarda, ya riƙe shi ta baki-baki da tafin hannu, ya hura, ya goge da gefen riga ko hula, ya ɗora. Sai ya buɗe ɗan gwangwanin allurai, sau da yawa mai hoton karen nan na HMV da ya kasa kunne a bakin ƙaho, ya ɗauki ɗaya ya ɗaure ta da ɗan kusa mai juyawa. Ya saki birki, faifai ya ɗauki gudu, ya sauke kan allurar a hankali a bakin faifan. Za a fara jin shuu, sannan kalangu ya shigo. In wanin ya kusa ƙarewa muryar mawaƙi sai ta yi nauyi tana jan ƙafa, yaro ya yi wuf ya ƙara wanawa.

Allurar ƙarfe ce, kuma nauyin da ke danna ta ya haura giram 100. Da gangan aka sa garin dutse a cikin faifan, don ya riƙa cin bakin allura har ta dace da tsagar da take bi. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a jefar da ita bayan gefe ɗaya ko biyu. Amma wanda allurarsa daga Kano take zuwa ba zai yi saurin zubarwa ba, zai yi ta amfani da ita har bakinta ya yi kaifi irin na kurfi, ta koma tana sassaƙar faifan. Wannan baƙin garin da ake gani a bakin allura bayan waƙa ta ƙare, rabinsa ƙura ce, rabinsa jikin faifan ne da muryar da ke cikinsa.

Rediyo ta zo ta ƙara wa faifai kasuwa maimakon ta kashe shi. Alhaji Isa Kaita, wanda kwalejin horon malamai ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, yana cikin Hausawan farko da suka yi magana a rediyo, lokacin da aka tura shi Ankara tare da Bello Dandago suna karanta labaran Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma cikin abokan haɗin gwiwarta har da EMI, wanda shi kansa kamfanin faifai ne. Shirin Zaɓi Sonka ya sa sunayen masu gaisuwa da na mawaƙa suka shiga kowane zaure. Wanda ya ji waƙa a Kaduna ta burge shi, in ya sami hali sai ya aika a nemo masa faifanta.

Mawaƙan kuwa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi, kudu da Dutsin-Ma, ya yi zaman Funtuwa da Kano, kuma EMI na cikin kamfanonin da suka fitar da waƙoƙinsa. Ga Sarkin Taushin Katsina a fada, ga Barmani Coge da ƙwaryarta a Funtuwa, daga nesa kuma ga kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji. Masu bincike ma sun bar nasu rabon: David Ames ya ɗauki kiɗan Zazzau a farkon shekarun 1960 aka fitar da shi a faifai a Jamus cikin jerin UNESCO, Anthony King ya yi nasa aikin a Katsina, su biyun suka wallafa littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Akwai abin da ya sa faifan mawaƙin Hausa ya fi ƙarfin kayan nishaɗi. Makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yau ya sa sunan wane, gobe ya cire, jibi ya ƙara ɗiya uku saboda wani ya yi masa kyautar doki. Bakandamiyar Shata kanta tana da fuskoki da yawa gwargwadon wuri da lokacin da ya yi ta. Minti ukun faifan shalak kuma ya tilasta wa mai waƙar dare guda ya zaɓi abin da zai faɗa ya bar saura. Don haka kowane faifai shaida ce ta zama guda da ba a sake yin irinsa ba. In ya lalace, ba lalle ne a sami wannan zubin a wani wuri ba.

Faifan roba ya zo da sauƙi da kuma sabuwar matsala. Kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi a 1948, wanda ke ɗaukar minti 20 ko fiye a gefe guda. RCA Victor ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Ba sa fashewa da sauƙi, kuma allurarsu ɗan ƙanƙanen dutse ne mai daraja, wanda a na'ura mai kyau nauyin giram biyu ko uku kawai ke danna shi. A Arewa sun yaɗu a shekarun 1960 tare da ƙananan na'urori masu batir, sannan kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata bayan rahoton 1974 ya cika ɗakunan ma'aikata da manyan rediyoyi masu faifai. Dutsin-Ma ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma a 1976, ma'aikata da malamai suka ƙaru, kasuwar kayan sauti ta ƙaru da su.

Matsalar ita ce roba tana kiran ƙura. In aka goga ta, ko da zaro ta daga riga ne, tana tara irin wutar nan da ke sa rigar leda ta yi tartsatsi a jiki cikin hunturu, kuma busasshiyar iska ce ke ƙara mata ƙarfi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, danshin iska a ƙasar Katsina ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ƙurar tana da ɓarɓashin yashi mai kaifi. Tsagar faifan roba kuwa faɗinta bai fi kashi 1 cikin 20 na milimita da ɗan kai ba, ga ta doguwa, ta kai wajen rabin kilomita a gefe guda in an miƙe ta. Duk ƙwayar ƙurar da ta faɗa ciki sai allura ta yi karo da ita, lasifika ta ce tas. Goge faifan da busasshen ƙyalle kuma ƙara masa wutar yake yi, ya jawo wata ƙurar kafin a ajiye ƙyallen.

Daga nan ruwa ya shigo. Dabara ce da masu faifai a ƙasashe da yawa suka gano da kansu ba tare da wani ya koya musu ba: ka goge faifai da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka yi gaggawar ɗora shi kafin ya bushe, sai ka ji abin mamaki. Tas-tas ɗin ya ragu ƙwarai, shuu ya kwanta, murya ta fito fes. Dalilin a fili yake. Ruwa yana kashe wutar da ke jikin robar nan take. Yana jiƙa ƙurar ta yi laushi, allura ta ture ta maimakon ta yi tsalle a kanta. Yana kuma sa santsi tsakanin dutsen allura da bangon tsaga. Faifan da aka fid da rai da shi sai ya dawo kamar sabo.

A Turai har kasuwa aka yi da wannan dabara. Kamfanin Lenco na garin Burgdorf a Suwizalan, wanda aka kafa a 1946, ya fito da wata na'ura mai suna Lencoclean wadda ta yi tashe a shekarun 1970, musamman a Jamus. Wani hannu ne na biyu da ake kafawa a gefen faifai, bututu ne da ake cika shi da tataccen ruwa gauraye da sifirit, a bakinsa da ɗan burushi mai laushi. Yana tafiya tare da allura yana jiƙa mata hanya. Mutane da yawa sun rantse da shi, har sai da suka gwada sa waɗancan fayafayan a bushe.

Abin da suka tarar shi ne faifan da aka saba sa shi a jiƙe ya fi da ƙara in ya bushe. Ruwan bai fitar da dattin ba, kwaɓa shi ya yi. Allura ta bi ta dama shi da ɓarɓashin roba, ruwa ya tsane, abin ya zauna a gindin tsaga ya ƙame kamar lakar kududdufi bayan kaka. Daga ranar faifan ya zama sai da ruwa, kuma kowane jiƙo ƙara wa lakar kauri yake yi. Allurar ma tana shan wahala: danshi yana hawa ɗan sandan da ke riƙe da ita, yana iya sassauta gam ɗin da ya manne dutsen, ya kai tsatsa cikin kan na'urar.

In haka ta faru da tataccen ruwan Turai, na nan sai ya fi muni. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri da kanwar ƙasa, in na zartsi ne ma abin ya fi yawa, kuma duk suna zama a cikin tsaga bayan ruwan ya tafi. Omo da sabulun wanki suna barin nasu farin saura. Kananzir da man keke suna sa faifai ƙyalli, amma maiƙonsu ƙura yake kamawa ya riƙe, ya kuma ɓata takardar tsakiya. Mafi haɗari shi ne sifirit a kan tsohon faifan shalak, domin shalak narkewa yake yi a cikinsa. Shafa ɗaya ta isa ta dusashe tsagar har abada. Ruwa zalla ma in ya daɗe a kan irin wannan faifan yana iya shiga jikinsa ya kumbura shi.

Maganin da ya tabbata shi ma daga Turai ya fito. A Ingila, Cecil Watts ya yi ɗan burushinsa mai share ƙura a gaban allura tun shekarun 1950. Sannan a 1969 Keith Monks ya fara ƙera na'urar wanke faifai bisa tsarin da Percy Wilson ya zana, BBC na cikin masu amfani da ita na farko. Ita ma da ruwa take aiki, amma bambancin babba ne. Tana jiƙa faifan, burushi ya tayar da dattin, sannan wani siririn baki ya zuƙe ruwan da dattin gaba ɗaya kafin su bushe. Faifan yana zuwa ga allura a wanke kuma a bushe. Har yau wasu masu kwafe tsofaffin fayafayai sukan sa wanda ya riga ya lalace a jiƙe, amma sau ɗaya tak, don su ɗauki sautin su adana, sannan su wanke shi.

Kafin wannan ilimi ya zama ruwan dare a nan, kaset ya riga ya ci kasuwa. Philips ya fito da shi a 1963, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 rikoda ta shiga ko'ina. Kaset a rufe yake cikin gidansa, yana shiga aljihu, yana waƙa a cikin mota komai gargadar hanyar Kurfi zuwa Katsina, kuma kowa na iya kwafarsa. A ranar Laraba ta kasuwar Dutsin-Ma mai teburin kaset ya gaji mai faifai. Kwafe-kwafen da ba izini da tsadar kayan waje bayan matsin tattalin arzikin shekarun 1980 suka durƙusar da kamfanonin: EMI ta Najeriya ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier, Decca ta bar Afrodisia. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, faifai ya riga ya koma ƙarƙashin gado. Shata ya rasu a 1999, a zamanin da masu sauraronsa suka fi saninsa a kaset, 'ya'yansu kuma yanzu a waya ake tura musu shi.

Yawancin abin da ke yawo a wayoyin nan kwafin kwafi ne, daga kaset ɗin da shi ma daga wani kaset aka ɗauko shi, sau da yawa babu shekara, babu sunan 'yan amshi, wani lokaci an yanke farko ko ƙarshe. Faifan asali yana da abin da waɗannan ba su da shi. Sautinsa ya fi kusa da ranar da aka yi waƙar, kuma takardar tsakiyarsa tana ɗauke da sunan mawaƙi da na waƙa da na kamfani da lamba, lambar da masu bincike ke bi su gano lokacin da aka buga shi. Fayafayan da suka rage a adakar tsofaffi da ɗakunan ajiya na gidajen tsofaffin ma'aikata a Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Kankiya kayan tarihi ne, daidai da takardun da ake adanawa a Gidan Arewa a Kaduna ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.

Wanda ya gaji irinsu yana iya ceton su da abin da ke hannunsa. Ya fara rarrabewa: mai nauyi da tauri wanda ba ya lanƙwasuwa shalak ne, kada sifirit ya kusance shi. Mai sauƙi da ke ɗan tanƙwaruwa roba ne. A wanke da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ba mai asid ɗin ba, da ɗigon sabulun ruwa mara ƙarfi, a bi da'irar tsaga da burushi mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye sosai, a tsane da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai a inuwa. A jera su a tsaye cikin sababbin riguna, nesa da kwanon rufi, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana lanƙwasa roba. Kada a ɗora faifan roba a garmaho mai allurar ƙarfe, zagaye ɗaya zai kashe shi.

Sauran aikin na makarantu ne. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Isa Kaita, kuma ɗalibansu daga waɗannan gidajen suke fitowa. Na'urar faifai mai kyau guda ɗaya, da allurai biyu, ta shalak da ta roba, da kwamfuta, sun isa a fara: a karɓi faifai aro, a wanke, a ɗauki hoton takardarsa, a kwafe sautin, a rubuta inda aka saye shi da wanda ya saya in magada sun sani, a mayar wa masu shi da kayansu tare da kwafi a waya.